Ƙoƙon Kai a Garejin Arlen

Ƙarshen Nuwamba, garin Tomah,
ƙanƙara ta kai ƙauri a bakin gareji.
Arlen ya rataye kishimi ta ƙafafun baya
a sarƙar da yake ɗaga injin mota,
ya miƙo mini wuƙa mai ƙugiya a ƙeya,
wai dala sittin ce,
wai tana buɗe ciki ba ta shafi hanji ba.
Na auna ta a tafi, na mayar masa.
Na zaro tsohon barhon kicin ɗinmu,
na wasa shi a gindin kofin tangaran,
bakwai nan, bakwai can.

Shekara ashirin ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani
ban gaya wa kowa a Wisconsin
cewa a kwata na yi wayo ba,
cewa ubana a Talatar Mafara
kan feɗe sa kafin shayinsa ya huce,
cewa boko na bi don kada a ce mini ɗan fawa.
Ashe hannu bai san an yi ƙaura ba.
Dunƙulena ya shige tsakanin fata da tsoka,
fata ta sauko salin-alin.
Arlen ya tuɓe hula, ya sosa sanƙo:
Wa ya koya maka?
Na ce, wani tsoho ne.

Kan kuwa, shi ya zama malamina.
A gidanmu kai na farfesu ne,
a babbake, a fasa, a tsotse har ƙashi ya yi fito.
Nan bango ake yi wa tanadinsa.
Tukunya a kan gas,
kada ruwa ya tafasa, ya dinga motsi kawai.
Sabulun wanke kwano don ya janye maiƙo.
Ƙahoni a waje, gindinsu naɗe da leda.
Awa uku.
Wari ya bi ta ƙarƙashin ƙofa
har Doreen ta buga taga da ludayi.

Sai wayar rataye riga, an lanƙwasa bakinta,
a zura ta ramin ƙeya, a dama,
ƙwaƙwalwa ta zubo a bokiti.
Na ji muryar tsoho a bayana: asara!
Awartaki ya ja guringuntsi,
matsefata ta bi lungu-lungu.
A cikin hanci akwai ƙashi a nannaɗe,
ya fi ɓawon albasa rauni.
Nan ka bi a hankali, in ji Arlen,
wanda ya fasa nan ya fasa duka.
Haƙori ɗaya ya faɗa ƙarƙashin firiza,
'yata Sakina ta rarrafo da shi a hannu,
muka mayar masa da ɗigon gam.

Da dare muka shafe shi da farin man nan
da ake kashe launin gashi da shi,
ban da ƙaho.
Ƙaho a bar masa ƙasar dajinsa
da ɓawon itacen da ya goga.

Gari ya waye, ga shi fari fat,
rassa takwas,
da zanen goshi kamar ɗinkin tela mai rawar hannu.
Muka ɗaure shi a guntun katakon tsohon rumbu.
Sakina ta zura yatsa a gurbin ido,
ta ce, Baba, ina ganin ya tafi?
Ban da amsa. Na ce ta wanke hannu.

Cinyar na yanyana siriri, yadda ake yi,
na shanya a murhun lantarki tunda rana ta ƙi,
na tsoma a labu, gyaɗa da citta da barkono.
Arlen ya gatsa, ya yi tari, ya share hawaye,
ya sake miƙo hannu.
Sannan ya juya katakon,
ya zaro fensirin bayan kunnensa,
ya rubuta kwanan wata da sunan dajin.
Ya ce, tsohon nan naka, wa sunansa?

Na ce, Barmo.
Na ce, Barmo mahauci. Ubana ne.
Ya rubuta da kuskuren harafi ɗaya.
Na bar shi haka.